Kusu a Kan Teburin Madam Habsa

Duk wanda ya ce maka Madam Habsa mai ɗakin karatun Filinge mace ce mai daɗin zama, to bai taɓa zuwa aron littafi wurinta da maiƙo a hannu ba. Masifaffiya ce, ita kanta ba ta musu. Doguwa ce siririya, da tabarau mai igiya a wuya, tana kallon mutum ta saman gilashin kamar ya zo mata satar kaji. Ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya naɗe kunnen shafi, sai ta kama nasa kunnen ta naɗe. Babba ya lashi yatsa zai buɗe littafi, sai ta fizge ta ce nan ba wurin cin tuwo ba ne. Mabuɗin ɗakin kuwa a bakin zanenta yake ɗaure, da shi take kwana, da shi take zuwa biki da gaisuwar mutuwa.

A wani ƙauye kusa da Tabla aka haife ta. Ubanta, Dodo, manomin hatsi ne. Da aka zo ɗiban yara zuwa lakwal, ya duba 'ya'yansa maza ya ga duk yana bukatarsu a gona, sai ya miƙa Habsa, yana ganin ya yi wayo. Ta yi karatu har ta zama malama, ta koyar a Bonkuku cikin Imanan, ta yi faɗa da shugaban makarantar, aka sauya mata wuri, can ma ta yi. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu ba su haihu ba, ba ta sake ba. Bayan babbar yunwa, sojoji na kan mulki, aka rasa inda za a kai ta, sai aka tuna da wani ɗakin siminti mai rufin kwano a bayan kasuwar Filinge, inda aka jibge kwalayen littattafai daga Yamai ba wanda ya buɗe. Aka ba ta mabuɗi da nufin horo.

Ita kuwa ta samu abin da take so a duniya. Ta share, ta kashe gara, ta sa kafinta ya buga kantoci, ta jera littattafan, mafi yawansu na Faransanci, kaɗan na Hausa irin na yaƙi da jahilci. A faɗi gaskiya, Habsa ta so ɗakin nan fiye da yadda ta taɓa son wani mai rai.

Umarni biyu aka aiko mata da su daga Yamai. Na farko, ma'aikatan ɗakin su riƙa zaɓar littattafan da suka ga ya dace mutane su karanta, su ajiye a bakin ƙofa kowa ya gani. Ma'aikatan fa ita ce, ba na biyu. Na biyun, duk bazara, kafin ruwa ya sauka mutane su watse gonaki, a yi shiri na jama'a. Ta riƙe duka biyun kamar farilla. Ta kafa tebur a inuwar dogon yaron da ke ƙofar, tana jingina littattafai uku ko huɗu bangonsu na kallon hanya, ranar kasuwa ta sauya. Bazara ta yi, sai ta shimfiɗa tabarmi: manoma su zo ta karanta musu ta fassara, mata su koyi baƙaƙe da la'asar, 'yan sartifika, masu shirin jarrabawar gama firamare, su yi bita a ciki suna zufa.

A bazararta ta uku ce abin ya faru. Hatsi ya yi tsada, rumbuna sun yi ƙasa, kowa na tsoron kada a cinye iri kafin shuka. Habsa ta tono wani ɗan littafi kan yadda ake kare rumbu daga ɓarna. A bangonsa an zana buhun hatsi, a kan buhun ga wani ƙaton ɓera, kusu dai yadda Kurfayawa, mutanen yankin, ke cewa, tumbinsa a gaba, gashin bakinsa a miƙe, ya riƙe zangarniya da hannu biyu. Ta ce wannan ya dace da manoma, ta jingina shi a tsakiyar tebur.

Ranar kasuwar nan ba a taɓa ganin mutane a ƙofar ɗakin karatu irin haka ba. Masu awo, mahauta, 'yan Baleyara da suka kawo dabbobi, Zabarmawa na mata gaisuwarsu ta fofo, kowa ya zo ya tsaya ya duƙa ya kalli tebur, ya rufe baki da hannu ya wuce. Habsa na ciki zuciyarta fari ƙal. Ta ɗauka shekara uku na wahala sun yi rana, Filinge ta waye. Abin da ya ɗan dame ta shi ne, duk cikinsu ba wanda ya ɗauki littafin ya buɗe.

Ladi mai fura, wadda ke ajiye ƙwaryarta a gindin dogon yaron, ita ce kaɗai ƙawar da Habsa ta yi a garin. Da yamma ta matso tana share hawayen dariya da gefen mayafi.

"Kai, Madam, ba ki da dama! Wallahi kin gama da shi."

"Da wa?"

"Haba, Madam. Har tumbin hwa! Har gashin baki!"

Sai a lokacin Habsa ta gane. Alhaji Magagi ake nufi, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda kowa ya san shagunansa cike suke da buhuna yana jiran farashi ya ƙara hawa. Shi ne kuma hukuma ta naɗa shugaban kwamitin da ke kula da ɗakin karatun, ba don ya san baƙi ba, don dai ana ganin sa a ofis kullum yana gaishe da masu kaki. Zamani ne da ba a magana a fili. Mutum ya yi gunaguni a majalisa, washegari sai a kira shi. To mutanen da aka rufe wa baki, kuma dama can sun iya habaici tun kaka da kakanni, a sunan kare, a waƙar daka, a rubutun bayan mota, me kake tsammani za su gani in mace ta ajiye hoton kusu a bakin hanya? Faransancin da ke ciki ba nasu ba ne. Hoton suka karanta, kuma suka karanta shi yadda suka saba.

"Ni ban yi da kowa ba," in ji Habsa. "Littahin rumbu ne."

"Ƙwarai kuwa," Ladi ta ce tana kashe mata ido. "Na rumbu ne."

Kafin sati ya zagayo, yara na bin motar Alhaji suna kiran "Kusu! Kusu!" Ya zo da kansa, da rana tsaka, babbar riga na jan ƙasa, mutane sun taru. Da ya shigo ciki ya yi mata magana a hankali, da ta ɗauke littafin, don ba ta da wata riba a ciki. Amma ina! A waje ya tsaya, ya nuna ta da sanda.

"Ke, ɗiyar Dodo! Mi kinka aza bisa teburin ga?"

"Littahi ne, Alhaji. Ka buɗe ka gani."

Wannan ma bai yi masa daɗi ba, don kowa ya san ba ya iya karatu. Aka yi ƙus-ƙus a baya.

"Ni za ki maida abin dariya cikin garin ga? Ɗauke shi yanzu-yanzu, ko in sa a ɗauke ki ke da shi. Ƙauyanci dai bai bar ki ba."

Habsa ta sauke tabarau kan hanci, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Alhaji, ni kusu na aza, ban aza sunan kowa ba. Shina nan har damina."

Haka kuwa aka yi. Littafin ya zauna a tebur har rana ta ƙoƙe launinsa, sunan ya manne wa Magagi, gaba ta ƙullu tsakaninsu.

Daga nan teburin ya zama wani abu dabam a garin. Duk ranar kasuwa sai an zo a ga wa Madam ta taɓa wannan satin. Ta ajiye littafin kiwon jakai, aka ce da wani mai unguwa take. Ta ajiye na lissafi mai hoton sikeli, mahauta suka daina gaishe ta. Ta ajiye na renon jarirai, wata mata da ba ta taɓa haihuwa ba ta zo har ƙofa ta zage ta tas, Habsa da ita ma ba ta haihu ba ta rama da wanda ya fi shi zafi, ta shiga ciki ta zauna. Ta gwada zaɓen masu bango fari ba zane, aka ce ai wannan ya fi muni, cewa take kan wani ba kome a ciki. Takaici kamar ya kashe ta. Ta yi bayani, ta yi rantsuwa, ta yi zagi, duk a banza. Masu zuwa karatun gaske ba su taɓa yawa ba: 'yan makaranta, wasu malamai, ma'aikacin asibiti ɗaya, da manoman da ke zama a tabarmar bazara su saurara su yi gyangyaɗi. Saboda waɗannan take buɗe ƙofa kowace safiya.

Magagi bai yi barci a kanta ba. Wata shekara aka kawo sabon kwamanda, sojan da ke mulkin garin, satin kuwa ta ajiye littafin tatsuniyar yara mai hoton kura sanye da hula. Alhaji ya ruga ofis ya kai labari da gishirinsa, wai da kwamandan take. Jandarma biyu suka zo suka ɗauki littafin suka tasa ta gaba. Aka zaunar da ita a rana tun hantsi har la'asar, ba wanda ya tambaye ta kome, sannan aka karɓi mabuɗi aka ce ta tafi gida. Bazarar shekarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Habsa ta riƙa zagayowa ta leƙa ta taga, tana ganin gara na hawa bango, ba ta da ikon shiga. Ta rame, ta daina yi wa kowa faɗa, har Ladi ta tsorata. Da aka nemi wanda zai karɓi aikin aka rasa, aka sauya kwamandan kuma, sai aka maido mata da mabuɗin ba ko sannu. Mutanen gari suka yi ta zuwa yi mata barka, wai macen da ta zagi soja ta kwana lafiya. Ta kore su da tsintsiya.

Shekaru suka tafi, sojoji suka koma bariki, aka shiga zamanin jam'iyyu da zaɓe. Baki ya buɗe, kowa na zagin kowa a rediyo, teburin Habsa ya rage kasuwa, ita kuwa ta ji daɗin haka. Masu tasowa ba su ma san asalin maganar kusu ba. Shi kuwa Magagi, wanda jiya yake gaishe da masu kaki, yau ya sauya hula ya zama ɗan majalisar gari, ya ƙara tumbi, furfura ta fito masa, amma abin na nan a ransa ɗanye. Ya fara yawo da magana cewa ɗakin nan asara ne, ba mai karatu, gara a ba matasa su sa bidiyo. Majalisa ta rabu biyu. Wasu da suka yi bitar sartifika a ɗakin suna jin kunyar Madam, suka ce ba a kori mutum ba laifi.

Ana cikin haka ya zo mata da kansa, wata safiya, shi kaɗai, ba sanda. Ya yi sallama, ya cire takalmi a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Habsa ba ta ba shi kujera ba.

"Madam, mun tsuhwa," ya ce. "Ni ban son in mutu da abin ga cikin raina."

"To, ka aje shi."

"Ke za ki aje mini shi. Ranar buɗe shirin bazara, gaban jama'a, ki ce da ni kinka yi, ki ce in yahe miki. Shi ke nan. Ni kuwa in janye maganar bidiyo, ɗaki shi zamna hannunki har ƙarshen ranki."

"Ban yi da kai ba, Alhaji. Shekara nawa ina hwaɗa maka?"

"Kin gani? Wanga musun shi ya hi ciwo. Kin zage ni, kuma kin hana ni ko in yahe. Ki yi shawara."

Ya sa takalminsa ya tafi. Habsa ta bi shi da tsaki, amma tsakin bai da ƙarfi. Ta zauna ta dubi kantocin nan, littattafan da ta ɗinke da zare da hannunta, waɗanda ta shanya a rana shekarar da rufi ya yi yoyo. Ta san in aka sa bidiyo, cikin wata guda masu ƙosai za su yi ƙunshi da su. Abin da ta riƙe tun farko shi ne gaskiyarta: ba ta taɓa ajiye littafi don cin mutuncin kowa ba, don a karanta take ajiyewa. In ta ce da Magagi ta yi, ta yarda kenan da duk abin da garin ya ɗora mata. Ta tsani mutumin nan har cikin ƙashinta, ta tsani ta buɗe baki ta roƙe shi. Amma da ta auna ƙarya ɗaya da ɗakin, sai ta ga ƙaryar ba ta kai shi nauyi ba.

Ranar ta zo da zafi irin na bazarar Kurfai, iska ba ta motsi, hadari na leƙowa daga gabas ya koma. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, don Magagi ya sa an yi shela. 'Yan majalisa na kan kujeru, manoma a ƙasa, mata a gefe, Ladi da ƙwaryarta a gindin itace, ita ma ta tsufa. Habsa ta miƙe, ta cire tabarau don kada ta ga fuskoki sosai.

"Jama'a," ta ce, muryarta a bushe. "Littahin da na aza shekarun baya, mai hoton kusu. Da Alhaji Magagi na yi. Alhaji, ka yahe mini."

Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Magagi ya miƙe a hankali, ya gyara riga, bai ko kalle ta ba. 'Yan majalisa ya fuskanta.

"Kun dai ji da bakinta. Ku da kunka ce ba ta da laihi, ga shi nan. Ɗakin hukuma anka ba ta, da teburin hukuma, ta maishe su wurin zagin mutane. In da ni ta yi, to da mai unguwa ma ta yi, da mahauta, da matar nan baiwar Allah da ta mutu ba ta haihu ba. Ni na yahe nawa. Na sauran hwa, ba ni da iko."

Habsa ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi a baya. Tir da wannan mutum! Ashe tarko ya kafa mata, ya cire takalmi ya yi mata ladabi don ta taka da ƙafarta.

"Ƙarya ne!" ta daka tsawa. "Ƙarya na yi yanzu! Shi ya ce in hwaɗi haka shi bar mini ɗaki! Munahuki, maci amana! Wallahi ban taɓa yi da kowa ba!"

Wani ya yi dariya a baya, wasu suka kama. Tsoffin ɗalibanta da ke kan kujeru suka sunkuyar da kai. Mace ta ce ta yi, ta juyo ta ce ba ta yi ba, da wanne za su kare ta? Shugaban majalisar ya yi gyaran murya ya ce abin bai kai ga tashin hankali ba, Madam ta yi aiki ta gaji, lokacin hutunta ya yi, ta ba da mabuɗi a duba yadda za a yi da ɗakin. Ya miƙo hannu.

Ta waiga tana neman mutum ɗaya tak da zai buɗe baki. Idonta ya faɗa kan Ladi, wadda ta zauna da ita a inuwa ɗaya duk shekarun nan, ta ga ramarta, ta ji rantsuwarta ba sau ɗaya ba.

"Ladi! Ke kin sani. Hwaɗa musu!"

Ladi ta taso da sauri, ta kama hannunta ta matse, idonta cike da ƙwalla da ƙauna. Ta yi ƙasa da murya, amma na kusa sun ji.

"Haba, Madam, bar musun haka nan. Ai tun ranar hwarko munka sani. Don shi muke son ki."

Habsa ta dube ta ta daɗe. Ta sa hannu a bakin zane za ta kwance mabuɗin, ƙullin ya ƙi, don ya daɗe a ɗaure. Ladi ce ta duƙa ta kwance mata da haƙori, ta miƙa wa shugaban.